Yawan Haihuwa da Talaucin Ƙasar Kabi: Sharhi a kan Ra'ayin Malthus da Mabiyansa

1. Gabatarwa

A wata shekara da na tafi duban ɗalibai masu koyon aikin malanta, na zauna a bayan aji a wata makaranta da ke tsakanin Birnin Kebbi da Ambursa. Darasin ranar a kan dalilan talauci ne. Ɗalibin ya shirya ƙwarai, rubutunsa a allo kuwa ba shi da makusa. Ya jera dalilai biyar, na farkonsu yawan haihuwa, ya ja masa layi biyu. Sa'an nan ya ce duk wanda 'ya'yan gidansu suka wuce goma ya ɗaga hannu. Fiye da rabin aji suka ɗaga, waɗansu suna dariya, waɗansu sun sunkuyar da kai. Da aka tashi na tambaye shi inda ya samo wannan magana, ya ce haka ta ke a littafi. Gaskiya kuwa ya faɗa, haka ta ke a littattafai da yawa na labarin ƙasa da na tattalin arziki.

Abin da ya dame ni shi ne yaran nan sun koma gida da ilmi guda, watau su da ƙannensu ne sanadin wahalar iyayensu. Magana mai nauyi irin wannan ba ta kamata a ɗora wa yaro ba sai an tabbata gaskiya ce. Nufina a wannan takarda in bi asalin ra'ayin, in gwada shi da abin da aka sani na kwarin Gulbin Rima, wanda mutanen wurin su ke kira Gulbin Kabi, sa'an nan in duba abin da addini ya ce, da inda masu kafa hujja da addinin su kan yi kuskure.

2. Asalin ra'ayin

Wanda aka fi jingina wa wannan ra'ayi shi ne Thomas Malthus, wani limamin coci na Ingila, wanda ya buga littafinsa a kan yawan jama'a a shekara ta 1798. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ya ce mutane, in ba abin da ya tare su, suna ninkuwa kowace shekara 25, watau 1, 2, 4, 8, amma abinci ƙaruwa kawai ya ke yi, watau 1, 2, 3, 4. Sabo da haka ba makawa baki ya fi tuwo yawa, sai yunwa da annoba da yaƙi su rage mutane. Daga nan ya soki dokar Ingila ta taimakon matalauta, don a ganinsa taimakon yana ƙarfafa su su yi aure da wuri su ƙara haihuwa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin tun ranar da aka haifi ra'ayin, aikinsa na farko shi ne sauke wa mawadata nauyin matalauta. Amma a yi wa Malthus adalci: maganin da ya kawo a bugu na biyu, na 1803, shi ne jinkirta aure da kame kai, bai yarda da hana ɗaukar ciki ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ra'ayin ya sake tashi da ƙarfi. A 1968 Paul Ehrlich, masanin halittu na Amurka, ya buga The Population Bomb, inda ya yi hasashen ɗaruruwan miliyoyin mutane za su mutu da yunwa a shekarun 1970. A lokacin mutanen duniya kimanin biliyan 3.5 ne. A watan Nuwamba na 2022 suka kai biliyan 8, abincin da a ke nomawa kuwa, in an raba shi bisa kawuna, ya fi na wancan zamani. Takin zamani da sabon irin alkama da shinkafa da noman ban ruwa sun rushe lissafin. An yi yunwa a Sahel da Habasha da Bangaladash, amma abin da Ehrlich ya faɗa bai auku ba.

Da kuskuren ya tsaya a takarda da da sauƙi. A Indiya, zamanin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, da yawansu bisa tilas, galibinsu kuwa talakawa. Ƙasar Sin ta yi dokar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015, tare da tilasta zubar da ciki, ga shi a 2022 yawan mutanenta ya fara raguwa, hukumarta kuma ta koma roƙon mutane su haihu. Nijeriya ma ta yi manufar yawan jama'a a 1988, zamanin Janar Babangida, wadda ta shawarci kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu, ko da ya ke ba a tilasta wa kowa ba.

3. Gwada ra'ayin da ƙasar Kabi

In yawan mutane ne ke kawo talauci, to, inda mutane suka fi cunkoso nan ya kamata talauci ya fi tsanani. Ƙidayar 2006 ta sami mutum kimanin miliyan 3.26 a Jihar Kebbi, faɗinta kuwa murabba'in kilomita 36,800 ne, watau ƙasa da mutum 90 a kowane murabba'i. Jihar Kano ta haura 450 a murabba'i, Jihar Legas ta haura 2,000. Amma binciken talauci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, wanda ya auna lafiya da ilmi da yanayin zama da aikin yi, ya nuna fiye da 80 cikin 100 na mutanen Kebbi matalauta ne, Kano kimanin kashi biyu cikin uku, Legas ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba. Jerin ya zo a juye. Na sani Legas tana da tashar jiragen ruwa, Kano tana da kasuwa, amma wannan shi ne abin da na ke nufi: abin da ya raba su shi ne sana'a da hanya da makaranta.

Sa'an nan a duba tarihi. Ƙidayar 1921 ta sami mutum kimanin miliyan 10 a Lardunan Arewa duka, ba su kai mutanen Jihar Kano ta yau ba. Duk da haka a 1914 aka yi yunwar Kakalaba, a 1927 aka yi ta Buhu, a 1942 aka yi 'Yar Gusau. Daji yana nan fululu, mutane kaɗan, amma ana mutuwa da yunwa. Michael Watts, a littafinsa Silent Violence na 1983, ya nuna yadda harajin Turawa, wanda dole a biya shi da kuɗi ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, ya sa manomi sayar da hatsinsa da kaka da araha, ya kuma raunana rumbun tsimi da taimakon juna da mutane suka dogara da su a da. Amartya Sen ya kai ga irin wannan sakamako a 1981 game da yunwar Bengal ta 1943: abinci yana kasuwa, ikon sayensa ne ya kuɓuce wa talaka.

Ita kanta Ambursa shaida ce. A ƙarni na 19 ribaɗi ce ta Gwandu, tana fuskantar Kabawa. Tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwan Turawa, in ban da 'yan shekarun Lafiyar Toga, wannan fadama fagen yaƙi ce, manomi ba ya nisa da ganuwa. Ƙasa ba ta yi wa kowa kaɗan ba a wancan zamani, tsoro ne ya hana a nome ta. Da aka sami zaman lafiya, har Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934 aka yi masa bikin kamun kifi, sai noma da su suka bunƙasa, mutane kuma suka ƙaru. Harin da aka kai Mera ta ƙasar Augie a watan Nuwamba na 2024 ya tuna mana wannan darasi bai tsufa ba.

Arzikin wannan kwari ruwa ne. Ambaliyar da gulbi ke yi kowace shekara ita ke shayar da shinkafar fadama, ta cika tafkunan da kifi ke hayayyafa, ta bar laima don noman rani da burtalin shanu. A 1978 aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, a 1984 aka gama ta Goronyo a kan Rima. A Bakolori manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi bore a kan diyya, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta aka kashe mutane da yawa. W. M. Adams, wanda ya bincika ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar, ya sami ambaliya ta ragu, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kifi kuma ya ja baya. A wani gefen kuma, a 2010 da 2020 ruwa ya zo fiye da kima, na 2020 ya cinye ɗaruruwan dubban hekta na shinkafa a Jihar Kebbi. Wanda ya yi asara a waɗannan shekaru, ko ɗa ɗaya gare shi ko goma sha biyu, asararsa ɗaya ce.

Haka kuma sha'anin farashi. Tun daga shirin Fadama na shekarun 1990 ƙaramin injin ban ruwa da rijiyar bututu suka maye gurbin jigo, manomi ya sami damar noma shinkafa da rani. A ran 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi, a 2016 shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa, a 2017 aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. Shirin bashin yana da nasa aibu, musamman wajen biya, daga baya ma aka dakatar da shi, amma ya nuna abu guda: da jari ya iso, hannuwan da a ke cewa sun yi yawa su suka yi dashe da girbi da sussuka, har ana neman ƙari. Sa'an nan a ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, farashinsa ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, injin ban ruwa ya gagari masu ƙaramin ƙarfi. Ba a ƙara wa kowane gida baki ko ɗaya a wannan mako ba, amma gidaje da yawa sun talauce.

Akwai masana da suka daɗe da ganin haka. Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya bayyana cewa wadatar birni tana bin yawan mutanensa, domin dukiya daga aiki ta ke fitowa, zalunci da nauyin haraji kuwa su ke kashe gari. Ester Boserup, 'yar ƙasar Denmak, ta nuna a 1965 cewa yawan mutane shi ke tilasta manomi ya gyara dabarunsa. A wannan shekara kuma Mortimore da Wilson, na Jami'ar Ahmadu Bello, suka bayyana yadda manoman kewayen Kano su ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kai musu, suna kuma tsare itatuwan gona. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

4. Abin da ya rage na gaskiya a ra'ayin

Ba zai zama sharhi na adalci ba in na ɓoye abin da ya goyi bayan abokan jayayya. R. M. Prothero ya ƙirga 'yan cin rani fiye da 250,000 da suka fita daga Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, ya kuma danganta yawancin fitar da ƙarancin gona a gundumomin da ke kewaye da birnin Sakkwato. Polly Hill, a littafinta na 1977 a kan Dorayi ta Kano, ta sami gonaki sun tsattsage, gidaje da yawa ba su da abin da zai ci da su. Kowa ya ga rabon gado a fadama ya san haka: gonar da ta riƙe gandu guda, in ta ratsa hannun magada sau biyu, sai ta koma ƙyalle. Amma Hill ɗin da kanta ta nuna Dorayi ta 1900 ma cike ta ke da mutane, tana kuwa cikin wadata, domin a lokacin akwai saƙa da rini da fatauci. Da waɗannan sana'o'i suka mutu a zamanin Turawa, sai gona kaɗai ta rage, ita kuwa ba ta isa ba.

Akwai kuma hujja mafi ƙarfi, wadda Coale da Hoover suka kawo a 1958 game da Indiya. Su ba cunkoso su ke magana ba, saurin ƙaruwa su ke nufi: in yara suka fi manya yawa ƙwarai, abin da za a tara a yi jari sai ya tafi ga ci da sha, makarantu da asibitoci kuma su kasa cim ma bukata. Wannan magana tana da gaskiya, duk malamin da ya tsaya gaban aji mai yara ɗari ya san ta. Cibiyar Kimiyya ta Amurka ta sake auna batun a 1986, ta ce rage saurin ƙaruwa zai amfani yawancin ƙasashe masu tasowa, amma ba shi ne babban abin da ke hana su ci gaba ba, tsarin mulki da na kasuwa sun fi shi tasiri.

Sa'an nan a tambaya, wanne ne ya haifi wani? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Kebbi tana haihuwar 'ya'ya fiye da shida, ya kuma nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a jihar, 252 ba su kai shekara biyar ba, adadin da ya fi na kowace jiha. Watau ɗaya cikin huɗu. Uwar da ta binne biyu, mijinta ba shi da fansho, gonarsu da hannu a ke nome ta, ba jahilci ne ya sa ta son haihuwa ba, lissafi ne irin na wanda ya san halin da ya ke ciki. A ƙasashe da yawa an ga cewa in yara suka daina mutuwa, 'yan mata suka daɗe a makaranta, haihuwa ta kan ragu da kanta ba da sanda ba. Sabo da haka ya fi kusa da gaskiya a ce talauci ke riƙe da yawan haihuwa.

5. Matsayin addini

Alƙur'ani ya ambaci wannan batu da sunansa a wuri biyu, aya ta 151 ta Suratul An'am da aya ta 31 ta Suratul Isra'i, duka biyun suna hana kashe 'ya'ya sabo da talauci. Malaman tafsiri sun lura da bambanci mai kyau a tsakaninsu. Ta farko tana magana da wanda talauci ya riga ya kama, sai aka gabatar da arzikin iyaye kafin na 'ya'ya. Ta biyu tana magana da wanda ke tsoron talaucin da bai zo ba, sai aka gabatar da arzikin 'ya'ya kafin na iyaye. Watau an rufe ƙofa biyu, ta halin yanzu da ta hasashe, lissafin Malthus kuwa hasashe ne. Abin da ayoyin suka kafa shi ne rai ba ya shiga ma'aunin riba da asara. Ɗa amana ne, ba a kiransa sanadin tsiya. Wannan ne Hausawa su ke nufi da cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Mazhabar Malikiyya, wadda malaman Gwandu da Argungu su ke bi, ta fi sauran tsanani a kan zubar da ciki, domin mashhurin zancenta shi ne haramci tun daga shigar ciki, ko bai kai kwana 40 ba. Amma ita ce kuma ta halatta azalu da yardar mace 'ya, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, Sahabbai ma sun yi shi a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu, al'adarmu kuma tun da can tana ƙyamar kwanika. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta tsai da cewa bai halatta hukuma ta yi doka ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, bai halatta a kashe ikon haihuwa ba sai da larura, amma ya halatta miji da mata su ba da tazara bisa shawara da yardar juna. Kiristoci ma suna da irin wannan damuwa. Paparoma Paul na Shida ya yi gargaɗi a wasiƙarsa ta 1968 cewa hukumomi za su iya mai da hana haihuwa makami a kan talakawansu, abin da ya faru a Indiya da Sin kuwa ya gaskata shi. A taron Alƙahira na 1994 wakilan Fadar Paparoma da na waɗansu ƙasashen Musulmi sun tsaya gefe ɗaya wajen ƙin a mai da zubar da ciki hanyar tsara iyali.

6. Inda masu hujja da addini su kan yi kuskure

A nan ne ya wajaba mu juyo da sharhin kanmu. Sau da yawa a kan karanta waɗannan ayoyi a tsaya, sai ka ce alkawarin arziki ya sauke wa mutum nauyi. Littafin da ya yi alkawarin shi ne kuma ya ba da labarin Annabi Yusufu, wanda ya tara hatsin shekara bakwai a zangarniyarsa don shekara bakwai na fari. Shi ne ya umarci wanda bai sami halin aure ba ya kame kansa, a aya ta 33 ta Suratun Nur. Risala da Muhtasar, waɗanda a ke karantawa a zaurukan Gwandu har yau, sun ɗora wa uba ciyar da ɗansa har ya balaga, 'yarsa kuwa har ta tare a gidan miji. Mutumin da ya ƙara aure alhali na gida ba su ƙoshi ba, ya tura yaro ɗan shekara shida wani gari da ƙoƙon bara, ya bar mai naƙuda kwana biyu a ɗaki don tsoron kuɗin mota, sa'an nan ya ce Allah ke ciyarwa, ya ɗauki rabin aya ya bar rabi. In haramun ne a kashe yaro don tsoron talauci, to, barinsa ya mutu da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, alhali akwai rigakafi da magani, ba abin da za a yi shiru a kansa ba ne. Wanda ya ce yana kare rai, 252 ɗin nan su ne jarrabawarsa ta farko.

Nauyi mafi girma kuwa na masu mulki da masu dukiya ne. Shehu Usmanu ya soki harajin zalunci a Kitabul Farƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa, ya lissafa wa shugaba aikinsa: ya ƙarfafa manoma da masu sana'a, ya gina garuruwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami don nuna wa mahukunta iyakarsu. Ba ɗayansu da ya ga yawan talakawa a matsayin masifa. Shari'a ta sa ushiri a kan abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri a kan na ban ruwa, shinkafa kuwa tana ciki. Da ana fitar da wannan daga manyan gonakin fadama a kai shi inda aka ce, da an ga bambanci. Abin lura shi ne mai cewa talakawa sun cika haihuwa da mai cewa Allah zai ciyar da su ba tare da ya motsa ba, ko da ya ke suna ganin juna abokan gaba, sakamakon maganarsu ɗaya ne: kowannensu ya tashi ba a bin sa bashin kome.

7. Shawara ga malamai

Ban ce a cire Malthus daga manhaja ba. A koyar da shi da shekararsa da ƙasarsa, a koyar da Boserup da Ibn Haldun kusa da shi, a ba ɗalibi alƙaluman Kebbi da Kano da Legas ya auna da kansa. A rarrabe masa abu uku da littattafanmu su kan cakuɗa: cunkoson mutane a ƙasa, saurin ƙaruwarsu, da nauyin gida guda a kan mai shi. Na farko bai bayyana talaucin Kabi ba. Na biyu yana da tasiri, amma maganinsa asibiti da makaranta da sana'a. Na uku kuwa shari'a ta riga ta yi masa hukunci, ta bar tazara ga shawarar miji da mata, ta ɗora ciyarwa a wuyan uba.

In ɗalibin malanta zai yi darasi a kan talauci a Ambursa ko Gulma ko Argungu, ya fara da abin da yara su ke gani da idonsu: yaushe gulbi ya kawo ruwa bana, nawa a ke sayen litar mai, wa ya sayi shinkafar babansu da kaka kuma nawa ya biya, mil nawa ne zuwa asibiti. Daga nan za su gane dalilai da kansu, su kuma gane waɗanda za a iya gyarawa. Kada a sake sa yaro ya ɗaga hannu don a ƙirga shi cikin dalilan tsiyar gidansu. Shi da ƙannensa su ne za su nome wannan fadama bayanmu, abin da ya rage gare mu shi ne mu raya su, mu ilmantar da su. Allah ya ba mu ikon sauke amana, Shi ne Mafi sani.